Kakar Wasan da Ba Ta da Zakara: Masar, 2011 zuwa 2012

Yau ba zancen goro ko kuɗin mota zan yi ba, zancen ƙwallo ne, amma ƙwallon da ta ƙare da zaman makoki. Abin da ya tuno mini da shi kuwa, ran nan muna zaune a gidan kallo a nan Shagamu, wani yaro ya tambaye ni wai wa ya ci gasar Masar a shekarar da Mohamed Salah ya bar gida. Na ce masa babu kowa. Ya ɗauka zolayarsa nake yi. To wallahi babu kowa, kuma dalilin hakan ya isa a zauna a ba da labarinsa.

An fara kakar ne a watan Oktoba na 2011 da ƙungiyoyi 19, wato wata takwas bayan saukar Hosni Mubarak daga mulki ranar 11 ga Fabrairu. Sojoji ne ke riƙe da ƙasar a ƙarƙashin Tantawi, su kuwa 'yan sanda mutuncinsu ya zube a idon jama'a tun lokacin zanga-zangar dandalin Tahrir. Al Ahly ta Alƙahira, wadda aka kafa tun 1907, ita ke riƙe da kofi, kuma ta ci shi sau bakwai a jere. Mai horar da ita shi ne Manuel José ɗan Fotugal, ga su Mohamed Aboutrika da Mohamed Barakat da Emad Moteab. Duk da haka da aka kusa raba kakar biyu, Haras El Hodoud ta Iskandariya ce ke saman teburi, har an fara cewa ko a wannan karon kofi zai bar Alƙahira.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya sani kafin mu je ga ranar. Tun 2007 samari magoya bayan Ahly suka kafa ƙungiyarsu mai suna Ultras Ahlawy, su ne masu ganguna da tutoci da waƙe-waƙe a bayan raga. Sun daɗe ba sa ga maciji da 'yan sanda, kuma da juyin juya hali ya zo suna cikin waɗanda suka tsaya a sahun gaba a Tahrir. Saboda haka a wannan kakar filin ƙwallo ya koma wurin da ake faɗa wa hukuma magana ba tsoro.

Ranar Laraba 1 ga Fabrairu 2012 Ahly ta je baƙunci Bur Sa'id, garin da gidajen rediyo ke kira Port Said, a bakin mashigin Suwez, don karawa da Al Masry. Dama akwai tsohuwar gaba tsakanin magoya bayan biyu. Ahly ce ta fara jefa ƙwallo a raga, amma masu gida suka rama suka ƙara, aka tashi 3 da 1. Ku lura jama'a, masu gida ne suka ci wasan, ba wai an cuce su ba ne. Amma alƙalin wasa na hura usur sai dubban mutane suka kwararo cikin fili, wasu da wuƙaƙe da sanduna da duwatsu, suka kori 'yan wasan Ahly zuwa ɗakin canza kaya, sannan suka nufi ɓangaren da baƙi ke zaune. 'Yan sanda na tsaye suna kallo. Aka kashe fitilun fili. Baƙin suka ruga ta wata 'yar ƙuntatacciyar hanya don su fita, suka tarar ƙofa a kulle. A nan aka tattake wasu, wasu numfashi ya ƙare musu, wasu an soke su, wasu an jeho su daga saman benaye. Mutum 74 suka rasu, 72 daga cikinsu magoya bayan Ahly, akasari samari, fiye da 500 kuma suka ji rauni. Wani daga cikinsu a hannun Aboutrika ya cika a ɗakin 'yan wasa. Sai da jiragen soja aka kwaso 'yan wasan a daren.

Nan take aka dakatar da gasar, gwamnati ta rushe shugabancin hukumar ƙwallon ƙasar, aka yi makokin kwana uku, sannan a watan Maris aka soke kakar baki ɗaya. Mutane da yawa a Masar sun yi imani cewa da gangan aka bari abin ya faru don a rama wa samarin Ultras abin da suka yi a Tahrir. Abin da ba a musu a kansa shi ne an kulle ƙofa kuma masu tsaro ba su tsare kowa ba. Aboutrika da Barakat da Moteab suka ce sun bar ƙwallo, ko da yake daga baya sun dawo. Manuel José ya tafi, Hossam El Badry ya karɓa. Shi kuma Salah, yaro ne a lokacin a ƙungiyar Mokawloon, rashin gasar ne ya sa ƙungiyar Basel ta Siwizalan ta shirya wasan sada zumunci da matasan Masar a watan Maris, ya ci biyu, suka saye shi.

Inda labarin ya iso ƙofar gidanmu shi ne, duk da babu gasa a gida, Ahly ta ci gaba da buga kofin zakarun Afirka, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da Sunshine Stars ta Akure. A lokacin Sunshine a Ijebu-Ode take karɓar baƙi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga nan. A farkon Oktoba 2012 muka cika bas muka je. Wani Bayarabe abokin cinikina ya ce da ni, "Alhaji, yau kana bayanmu ko bayan Larabawanku?" Na ce masa ina bayan Nijeriya mana. Gaskiya na faɗa, amma da na ga mutanen nan sun fito da jar riga sai jikina ya yi sanyi, kuma ba zan ɓoye muku ba, kafin in zauna sai da na waiga na duba inda ƙofar fita take. An tashi 3 da 3.

A wasa na biyu a Alƙahira wani abin mamaki ya faru. 'Yan wasan wasu ƙungiyoyin Masar da suka yi watanni ba gasa, abinci na neman gagararsu, suka taru a ƙofar otal ɗin da Sunshine ta sauka suka tare hanya, don a matsa wa hukuma ta dawo da gasa. Su wa suka zo suka buɗe wa 'yan Nijeriya hanya? Samarin Ultras, waɗanda aka kashe wa 'yan uwa. Aka buga wasan ba 'yan kallo, Gedo ya ci ɗaya, Ahly ta wuce. Ranar 17 ga Nuwamba ta doke Esperance 2 da 1 a Tunisiya ta ɗauki kofin karo na bakwai, ta sadaukar da shi ga mamatan.

Amma kofi bai rufe maganar ba. Ranar 26 ga Janairu 2013 kotu ta yanke wa mutum 21 hukuncin kisa, tarzoma ta ɓarke a Bur Sa'id, fiye da mutum 30 suka sake mutuwa. An yi ta ɗaukaka ƙara har 2017 da babbar kotu ta tabbatar da hukuncin kisa a kan mutum 10. Kakar da ta biyo baya ma, wadda aka fara a Fabrairu 2013, ba a gama ta ba, an soke ta bayan sojoji sun tumɓuke Morsi a watan Yuli. Shekara biyu ke nan a jere littafin gasar Masar ba sunan zakara. An kuma shafe shekaru ana buga wasa a fili fayau, sai a 2018 aka fara barin 'yan kallo kaɗan su shiga.

Ni dai duk lokacin da na tuna wannan kaka, ba teburi ko yawan maki nake tunawa ba, yaran nan nake tunawa da suka shiga garin wasu da amanar cewa za su koma wa iyayensu da dare. Mu da muka yi shekaru muna zaune a garin mutane mun san nauyin wannan amana fiye da kowa, kuma mun san ita ma tana kanmu idan baƙo ya sauka a Sabo, ko daga ina ya fito. Ba a banza iyayenmu ke cewa baƙonka annabinka ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri, mu kuma ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin. Sai mun sake haɗuwa.