Kai Sabuwar Dabarar Tiyata Gaban Hukuma: Nazari a Kan Tsarin NICE na Birtaniya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake miƙa sababbin dabarun tiyata ga hukumar NICE don tantance haɗarinsu. Ta nuna cewa raunin tsarin ya fi fitowa bayan an yanke hukunci.

Asalin tsarin

Magani ba ya shiga kasuwa sai ya tsallake matakan gwaji. Tiyata kuwa ta daɗe ba ta da wannan shinge: likita ya ƙirƙiro dabara, abokan aiki su gani su kwaikwaya. Haka cire maɗaciya ta ƙananan huji a ciki ya bazu a farkon shekarun 1990, kuma raunata bututun maɗaci ya ƙaru a hannun masu koyon aikin.

A 1996 aka buɗe rajistar sababbin dabarun tiyata mai suna SERNIP, wadda ba ta tilasta wa kowa shiga ba. Bayan rahoton 2001 kan mutuwar jarirai a tiyatar zuciya a Biristol, aikin ya koma hannun NICE a 2002. Likita, kamfani ko majinyaci, kowa na iya sanar da hukumar. Kwamitinta yana duba abu biyu: ko dabarar na aiki, da kuma illarta. Tsada ba ta cikin lissafinsa. Hukuncin yakan zama a yi kamar sauran ayyuka, a yi bisa sharuɗɗa na musamman, a taƙaita ga bincike, ko a hana.

Misalin raga

Hukunci na biyun, wato na sharuɗɗa na musamman, shi ne ke buƙatar tsokaci. A 2008 NICE ta amince a dasa ragar roba don gyara zazzagowar bangon farji, bisa sharaɗin a bayyana wa mace rashin tabbas ɗin da ke ciki, a kuma bi diddigin sakamako. A takarda, sharaɗin ya yi daidai. Sai dai illar raga ba ta cika bayyana a watannin farko ba. Sai an shekara biyu, uku ko fiye, ragar ta ci nama ta fito, ciwo ya hana mace zama ko kusantar mijinta, alhali asibiti ya daɗe da sallamarta a matsayin wadda aikinta ya yi kyau. Ba NICE ce ke bin asibitoci ta ga ko an cika sharaɗin ba. A ganina, amincewa irin wannan ba tare da rajista ta dole ba gwaji ce da ba a ƙirga sakamakonta.

A Disamba 2017 hukumar ta taƙaita aikin dasa ragar ga bincike. A Yuli 2018 aka dakatar da amfani da raga a Ingila wajen maganin zubar fitsari lokacin tari ko atishawa. Kwamitin Baroness Cumberlege da ya binciki lamarin, a rahotonsa na 2020, ya gano cewa an yi watsi da koken matan shekara da shekaru, ya kuma nemi a kafa ma'ajiyar bayanai ta ƙasa da za a riƙa shigar da kowace na'ura tun ranar da aka dasa ta a jikin majinyaci.