Tafiya waje lokacin bakansi: yaushe ya dace a yanki biyen jirgi, kuma nawa za a tanada?

Daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Satumba, biyen jirgin sama na tsada fiye da kowane lokaci na shekara, in an cire kwanakin aikin Hajji da na ƙarshen Disamba. A jihar Tawa, inda da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a wajen biɗa, maganar ta shafi kusan kowa: ɗalibin da zai koma karatu Maroko ko Turkiyya, ɗan kasuwa mai zuwa Dubai, marar lafiyar da aka tura Tunis, da magidancin da ke son zuwa Tebaram ya ga iyali da gona. Ga abin da ya kamata a sani kafin a fitar da kuɗi.

Me ya sa farashin ke tashi?

Lokacin da Turawa ke kira bazara, damana ce a wurinmu. Makarantun Faransa na rufewa a farkon Yuli su buɗe a farkon Satumba, sauran ƙasashen Turai ma kusan haka ne. Iyalan da ke zaune can sukan taso gida a makwannin farko na hutu, su koma a makwannin ƙarshe. A nan gida kuma, ƴan biɗa na son ruwan shibka ya same su a Adar.

Saboda haka tsadar tana da alƙibla. Jiragen da ke shigowa Yamai sun fi cika daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Waɗanda ke fita daga Yamai sun fi cika daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da masu hutu ke komawa, sabbin ɗalibai kuma ke tafiya. Wanda ya fita a farkon Yuli ya dawo a ƙarshen Agusta ya saɓa hanya da taron, kuma sau da yawa yakan sami sauƙi. Wanda ya zo a Yuli ya koma a ƙarshen Agusta kuwa ya faɗa tsakiyar tsadar, zuwa da dawowa.

Akwai dalili na biyu da ya shafi Nijar ita kaɗai. Tun watan Agusta na 2023 jiragen Air France suka daina sauka Yamai, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Yanzu mai zuwa Turai sai ya yada zango: Kazablanka da Royal Air Maroc, Istambul da Turkish Airlines, Adis Ababa da Ethiopian Airlines, ko ya bi ta Lome da ASKY, ko ta Abijan da Air Côte d'Ivoire ya hau wani jirgin. Kujeru sun ragu, masu nema ba su ragu ba.

Yadda kamfani ke sa farashi

Mutum biyu kan zauna kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, abinci ɗaya, amma ɗaya ya biya ninkin ɗan'uwansa. Ba cuta ba ce, tsari ne. Kamfani yana raba kujerun aji ɗaya zuwa matakai, kowane mataki da harafinsa, kamar V, Q, M ko Y, da farashinsa da sharuɗɗansa. Kujerun matakin ƙasa kaɗan ne. Idan sun ƙare, kwamfuta ta rufe matakin ta buɗe na samansa. Haka farashin ke hawa tsani har ranar tashi.

Abu ne da duk mai sayen ragon layya ya sani: ragon da aka yi ciniki wata biyu kafin salla ba shi ne na jajibiri ba. Bambancin shi ne, rago kan faɗi da yammacin jajibiri in dillali ya ga zai kwana da shi, biyen bakansi kuwa da wuya ya faɗi. Kamfani ya san wanda ya zo saura kwana uku dole ce ta kawo shi: rasuwa, asibiti ko ranar shiga makaranta. Shi ake sayar wa mafi tsada.

Kuɗin da ake gani a kan biye kashi uku ne: kuɗin kujera, ƙarin da kamfani ke ɗorawa saboda man jirgi, da harajin filayen jirgi da na gwamnatoci. Idan mai ya tashi a kasuwar duniya, ƙarin na biye da shi.

To, yaushe za a yanka?

Yawancin kamfanoni na buɗe sayarwa wajen wata 11 kafin ranar tashi. Ba lallai ne a yi gaggawa tun ranar farko ba. Abin da ya fi amfani shi ne a ƙidaya baya daga ranar tafiya:

Wata shida kafin tafiya: a duba paspo da takardu, a fara leƙa farashi sau ɗaya a mako ana rubutawa a takarda. Wannan shi zai nuna wa mutum mene ne araha, mene ne tsada a hanyar da zai bi.

Wata huɗu zuwa biyu: nan ne lokacin yanka. Mai tafiya a Yuli ya gama tsakanin Maris da farkon Mayu. Mai fita a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ya gama kafin Yuni ya ƙare. Iyalin da ke neman kujera huɗu ko biyar su fi kowa sammako, domin idan kujera biyu suka rage a matakin araha aka nemi biyar a haɗe, kwamfuta kan ba da dukansu a farashin matakin sama.

Mako shida zuwa uku: ana samun kujera, amma matakan ƙasa sun soma ƙarewa. A nan sauya rana ke taimako. Tashi Talata ko Laraba kan fi Juma'a da Asabar sauƙi, jinkirta komawa zuwa bayan 15 ga Satumba ma haka.

Ƙasa da mako biyu: abin da aka samu shi za a ɗauka.

Ɗan kasuwar da babu abin da ya ɗaure shi da Yuli ko Agusta, gara ya bar su. Mai zuwa baje kolin Kanton a birnin Guwanzu na ƙasar Sin ya riga ya san kwanakinsa: daga 15 ga Afrilu da kuma daga 15 ga Oktoba, duka a wajen bakansi, sai dai a kwanakin ne masaukin birnin ke tsada.

Hajji da Umra

Kujerar Hajji ba ta bin wannan lissafi. Tana bi ta hannun hukumar COHO da kamfanonin da ta amince da su, kuma kuɗin jirgi na cikin jimillar da ake biya. Amma kwanakin na shafar sauran matafiya, domin jirage da filaye kan cika. An yi hawan Arfa ranar 15 ga Yuni a 2024, sannan 5 ga Yuni a 2025. Shekarar Musulunci na ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, wato Hajji na fita daga damana yana komawa bazararmu. Mai niyyar Umra da ba ya son tsada ya kauce wa azumi, musamman goman ƙarshe.

Takardu kafin biye

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin mutane shi ne biyan biye marar maidowa kafin biza ta fito. Ofisoshin jakadanci da yawa na karɓar takardar riƙe kujera, wadda ajansi ke fitarwa ba tare da an biya kuɗin biye duka ba. A tambaya tukuna.

Ga masu zuwa ƙasashen Shengen: ana iya ajiye takardu tun wata shida kafin tafiya, ba a karɓa in saura ƙasa da kwana 15. Amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kai 45. Kuɗin biza ga babba Yuro 90 ne tun 11 ga Yuni 2024, wato kusan jika 59, kuma ba a maidowa in an hana. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da paspo mai sauran wata uku bayan ranar barin yankin. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, don haka mai zuwa can ya fara da binciken inda zai ajiye takardunsa, ya sa kuɗin wannan zirga-zirga a lissafi.

Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, na neman paspo mai sauran wata shida. Kada a manta da katin rigakafin shawara. Suna kuma ya zama harafi da harafi yadda yake a paspo: Mahamadou da Mohamed mutum biyu ne a idon kwamfuta, kuma gyara na cin kuɗi, wani lokaci sai sabon biye.

Nawa za a tanada?

Farashi na sauyawa cikin yini ɗaya, amma akwai abin da ba ya motsi: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Duk farashin da aka gani da Yuro a intanet ana iya juya shi nan take. Yuro 500 jika 328 ne, Yuro 700 jika 459, Yuro 900 jika 590, Yuro 1,200 kuwa jika 787. Dalar Amurka ba ta da wannan ɗauri, tana hawa tana sauka. Mai neman zuwa da dawowa Turai a tsakiyar bakansi kada ya yi mamaki in an ce masa ya zarce jika 500, kuma wanda ya makara zai iya jin fiye da haka nesa. Jariri ɗan ƙasa da shekara 2 da za a riƙe a cinya yakan biya wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin kujera. Yaro daga shekara 2 zuwa 11 na samun ragi a wasu matakan kawai.

Lambar da ta fi ƙanƙanta ba kullum ce araha ba. A ɗauka an ba ka biye biyu: na jika 520 mai akwati ɗaya na kilo 23, ba sauya rana, da na jika 570 mai akwati biyu. In kamfanin na karɓar Yuro 100 kan ƙarin akwati, kusan jika 66 ke nan kowace tafiya, 132 zuwa da dawowa. Na 520 ya koma 652. Ba Ba'adaren da zai zo gida bayan shekara biyu da akwati ɗaya.

Mutumin Tebaram yana da ƙarin lissafin da ɗan Yamai ba shi da shi. Sai ya fito Tawa, ya hau kar ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, kimanin kilomita 550 kafin filin jirgin Diori Hamani. Da damana ƙorama na iya tare hanya yini guda. A iso Yamai kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a sa kuɗin mota, masauki da abinci cikin kuɗin tafiya. Wanda jirgi ya tashi ya bari ba tare da ya sanar ba, kamfani kan soke masa har da na dawowa.

Wasu kan duba ta Kano, inda EgyptAir, Ethiopian Airlines da Qatar Airways ke sauka. Ga mai zuwa Masar, ƙasashen Larabawa ko Asiya yana da kyau a gwada farashin biyu, amma a haɗa da canjin Naira, kuɗin hanya ta Ƙonni ko ta Maraɗi, da halin da iyaka ke ciki a makon tafiya.

Yadda za a gane biyen gaskiya

Yawancin mutanenmu ba su da katin banki, ta ajansi suke saye, ko ɗan'uwa ya saya daga waje, ko a tura kuɗi ta Nita ko Amana. A nan ƴan damfara ke shiga. Takardar riƙe kujera ba biye ba ce. In ba a biya ba, takan mutu da kanta bayan ƴan sa'o'i ko kwanaki.

Biyen da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Ukun farko na kamfani ne: 147 na Royal Air Maroc, 235 na Turkish Airlines, 071 na Ethiopian Airlines. Yana kuma da wata gajeruwar lamba mai haruffa da alƙaluma shida. A shiga shafin kamfanin da wannan lamba da sunan mai tafiya. In biyen gaskiya ne, zai fito da ranarsa da adadin akwatunsa. A karɓi rasiɗi mai hatimi, kuma kafin a ƙirga kuɗi a tambayi abu uku: nawa ne sauya rana, nawa ake maidowa in an fasa, awa nawa za a jira a zango.

Ga masu tasowa daga Turai, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashenta, ko na wane kamfani ne. In an isa da jinkiri mai tsawo bisa laifin kamfani, diyya na iya kai Yuro 600 a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500. A adana katin shiga jirgi da takardar akwati har sai an isa gida lafiya.