Ice da Faɗin Baki a Muryar Gangar Noma

A karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, gangar noma ce ke kiran gayya, ita ce kuma ke zuga manoma a kan kunya. Ganga ce mai fata biyu, da siririyar tsirkiya da aka gitta a kan fata, wadda ke karkarwa tana ba da zizar nan da ke bin kowane bugu. Tsirkiyar ce ta sa ta zama 'yar'uwar ƙaramar gangar badujala ta soja da 'yan sanda, mai faɗin inci 14 da wayoyi a ƙasanta. Makaɗa kan ce sirrin murya yana cikin ice. A ganina, sun ba ice fiye da rabonsa.

Faɗin baki ne ke fara yanke hukunci. Idan fata ɗaya ce kuma ɗauri ɗaya, ninka faɗin baki yana mayar da sauti rabin tsininsa. Murya mai kauri ita ce ke tsallake gonakin gero da dawa ta isa ƙauye na gaba, domin iska da ganyaye sun fi saurin cinye siririn sauti. Zizar tsirkiya kuwa ta na kusa ce: ita ke fayyace bugu, har mai fartanya ya rarrabe takensa da na wani. Zurfi ma yana da nasa aiki. Idan gula ta sauka, iskar da ke ciki ce ke tura fata ta biyu. Dogon ciki yana ƙara amo da nauyin murya, gajeren ciki yana amsawa nan take, abin da fareti ke buƙata ke nan.

To ina aikin ice? Binciken da Thomas Rossing da abokan aikinsa suka wallafa a 1992 a kan gangar Turawa mai wayoyi ya nuna cewa fatun biyu da iskar tsakaninsu su ne ke ɗauke da yawancin sautin. Aikin ice shi ne riƙo. Ƙirya tana da tauri da nauyi, gara ba ta cinta da sauƙi, bakinta ba ya karkacewa komai ƙarfin ɗauri, sai dai mai rataye da ita wuni guda kafaɗarsa za ta gaya masa. Alilliba ba ta da nauyi, tana kuma karɓar gizago. Ƙarfe ba ya shanye girgiza kamar ice, shi ya sa gangar da aka yi da garwa ke barin wata 'yar ƙara a bayan bugu. Amma masassaƙin da ya bar tudu ko tsagi a baki ya riga ya ɓata murya, ko da wane ice ya yi aiki, domin fata ba za ta zauna daidai ba kuma tsirkiya za ta yi ta tsallake.

Wurin da ice ya fi tasiri shi ne inda ba a cika dubawa ba. Daga gungume guda ake fafe ganga, saboda haka bakinta ba zai wuce kaurin bishiyar ba. A wannan yanki na arewacin Kano, wanda Michael Mortimore ya yi nazarin cunkoson jama'arsa tun shekarun 1960, daji ya ƙare tuntuni, kowace bishiya a gonar wani take. Ɗorawa da tsamiya da kuka suna ciyar da gida, gawo yana ba ƙasa taki ya ba awaki abinci da rani, ba mai sare su don ganga. Darbejiya ta yawaita, amma sassabe ta ake yi tun ba ta yi kauri ba. Masassaƙin da bai sami babban gungume ba, ƙaramin baki zai sassaƙa, makaɗi kuma ya sassauta ɗauri don ya nemo kaurin murya. Ga shi da damina ake gayya, lokacin da laima ta riga ta saki fatar akuya, sai an shanya ganga a rana ko an gasa ta kusa da wuta kafin tsirkiya ta yarda ta yi magana.