Keso: Dubu Ashirin a Buhun Tabarma

Kafin zuwan sule da anini, duk bafataken da ya biyo ta ƙasar Auyo yana ɗauke da lissafi iri biyu a kansa. Garin, wanda yake cikin tsofaffin masarautun da suka haɗu suka zama Haɗeja, yana zaune ne a fadamar kogi tsakanin Kano da Barno, kuma kowace daga cikin biyun da yadda take ƙirga wuri.

Wurin nan daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ake kawo shi. A ƙasar Hausa ba a zura shi a zare. Zube shi ake yi a ƙasa, mai ƙirga ya riƙa jan biyar-biyar da yatsu: ashirin hauya ce, ɗari zangu, har a kai dubu ashirin, a ɗinke a buhun tabarma. Wannan shi ne keso. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana kan wuri 2,500. Keso guda dala takwas ke nan, ba ragi ba ƙari.

Barno kuwa sai a shekarun 1840 ta karɓi wuri, ta ɗora shi a kan tsohon ma'auninta: wuri takwas gabaga ɗaya, gabaga huɗu ratal ɗaya, wato 32.

A nan ne 20,000 take nuna kyanta. In aka yi ta raba ta biyu, sau biyar za ta rabu kafin ta cije: 10,000, 5,000, 2,500, 1,250, sannan 625. Ita kuma 625 ba komai a cikinta sai biyar: 5 sau 5 sau 5 sau 5, ko 25 sau 25. Biyu-biyun nan guda biyar su ne 32 na Barebari, biyar-biyar ɗin kuma na yatsun Bahaushe. Saboda haka keson Kano ratal 625 ne cif a Barno, ko wuri ɗaya ba zai yi saura ba. Lambobi 30 ne suke raba ta daidai, abin da ya sauƙaƙa rabon riba da biyan bashi. Inda take gardama shi ne uku. Abokan ciniki uku in suka raba keso, kowa zai tashi da 6,666, a bar wuri biyu a tabarma. Ko a rabon gado, inda sulusi da sudusi suke yawan fitowa, haka alƙali zai tarar.

A ganina, ba a ba waɗannan masu ƙirga haƙƙinsu ba a tarihin lissafin ƙasar nan, alhali dubbai suke sarrafawa ba takarda ba alƙalami.

Bayan Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, kuɗin ƙarfe ya ture wuri sannu a hankali. Babban adadin kasuwa ya koma jaka, wato fam ɗari, wadda ta zama naira 200 da aka canja kuɗi a 1973.