Tanderun Suleja da Sirrin Launin Tulun Ladi Kwali

A wajajen 1950, lokacin da Suleja ke amsa sunan Abuja, wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga wasu tuluna a fadar Sarki Sulaimanu Barau, suka ɗauke masa hankali. Aikin wata Bagwariya ne daga ƙauyen Kwali, mai suna Ladi. Bai daɗe ba ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, a 1954 kuma Ladi Kwali ta zama mace ta farko da ta shiga.

Hannunta bai sauya ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna kamar yadda ta koya tun ƙuruciya, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi. Wuta ce ta sauya. A gargajiyance ana gasa tukunya a fili da itace da ciyawa, amma tanderun cibiyar yakan haura digiri 1,200, har shafin da aka yi wa tulu ya narke ya zama kamar gilashi. Daga cikinsa tuluna kan fito da ƙyalli kore-kore, alhali sinadarin ƙarfen da ya ba su wannan launi shi ne dai ke sa ƙasarmu ja.

Sirrin yana cikin ƙwayar zarra. Oksijin na da ilektiron 6 a zagayensa na waje, kuma ba ya samun natsuwa sai ya cike 8. Ƙarfe mai ilektiron 26 shi ke biya masa bukata, ya saki 2 ko 3. In ya saki 3, sai a ga ja irin na tsatsa. In mai gashi ya rage iska, ya bar hayaƙi ya turnuƙe tanderu, hayaƙin nan mai yunwa sai ya ƙwace oksijin daga shafin, ƙarfe ya karɓi ilektiron ɗaya, launi ya koma kore.

Me ya haɗa ilektiron da launi? A 1913 Niels Bohr na Denmak ya bayyana cewa ilektiron na zama ne a matakan kuzari ƙayyadaddu, kamar matakalar tsani. Kafin ya hau mataki na sama sai ya haɗiye wani yanki na haske, ragowar da ya dawo wa ido shi muke kira launi. Da adadin ilektiron ya sauya, hasken da ake haɗiyewa ma sai ya sauya.

Cardew ya bar cibiyar a 1965. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Yau ɗalibin sakandare a Suleja da babin ilektiron ya shige wa duhu, ya juya takardar naira 20 ya dubi hoton Ladi tana gina tulu. Darasin da yake haddacewa, a garinsu aka gasa shi da itace da hayaƙi.