Daga Zango zuwa Kilomita: Tarihin Awon Hanya a Ƙasar Gwandu

Wanda ya bi hanyar Kalgo zuwa Birnin Kebbi zai ga alluna masu lamba a gefen titi. Lambobin nan kilomita suke nufi, amma dattawan Dangoma da ƙauyukan kewaye da yawa har yanzu da mil suke ƙirga nisa. Asalin wannan saɓani shi ne abin da za mu duba.

A zamanin dā fatake ba su san awo irin wannan ba. Da zango suke lissafi, watau tafiyar da ayari kan yi kafin ya sauke kaya. Sa'ad da Ingilishi suka ci ƙasar Sakkwato da Gwandu a 1903, sai suka kawo mil, da tuƙi ta hannun hagu. Faransawa kuwa suka kafa kilomita da tuƙin dama a Nijar. Saboda haka direban da ya ƙetare iyaka daga Kamba zuwa Gaya tilas ya sake hannu, ya sake lissafi, alhali kuwa kasuwa ɗaya mutanen ke ci.

A 1968 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Biyana domin daidaita alamun hanya. Amurka ba ta shiga ba, Ingila ma har yau mil ne a allunanta. Nijeriya ta bi maƙwabtanta: ta koma tuƙin dama ran 2 ga Afrilu 1972, sa'an nan a shekarun da suka biyo ta karɓi awon mita.

A ƙasar Hausa ba a yi wa canjin nan bore ba. Harshe ne ya ƙi sakin tsohon awo, shi ya sa unguwar Mil Tara ta Kano take riƙe da sunanta.

Al'amarin ya wuce na kalmomi. Mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi. Motocin da ake sayowa daga Amurka, manyan lambobin agogon gudunsu mil ne. In allo ya ce 80, direba ya kai allura kan 80, to, gudun kilomita wajen 129 yake yi cikin awa. Ya kamata malaman makarantun horon malamai su koyar da bambancin nan sosai, gama rayukan matafiya sun rataya a kansa.