Bordo: yadda zakaran Faransa ya wayi gari a rukuni na huɗu

Duk watan Janairu, lokacin da aka buɗe kasuwar cinikin ƴan ƙwallo a Turai, nakan sha fama da gardama iri ɗaya a aji. Kafin in gama rubuta kwanan wata a allo, yaran baya sun fara raɗa: wane zai koma Madrid, an kori kocin wane kulob, wani attajirin Larabawa zai sayi wane. Da yamma a fada, manya ma zancen ke nan. Ni malamin tarihi ne a nan Maraɗi, kuma ba na ƙin ƙwallo. Na ɓata dare da yawa a gidan kallo tun ina saurayi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani uba da ya same ni kwanan baya. Ɗansa mai shekara 15 yana so ya bar lakwal kafin jarrabawar BEPC, don wani mutum ya yi masa alkawarin kai shi gwaji Faransa idan aka biya kuɗin hanya. Uban ya ce da ni: “Malam, ai kulob ɗin babba ne, kowa ya san sunansa.” Sai na ba shi labarin Bordo. Shi ne nake so in ba ƴan'uwana malamai da iyaye.

Girondins de Bordeaux, ƙungiyar birnin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa, tana cikin tsofaffin gidajen wasa na ƙasar. Asalinta ya koma 1881, ta shiga ƙwallon sana'a a 1937, kuma ta ɗauki kofin gasar Faransa sau shida: 1950, 1984, 1985, 1987, 1999 da 2009. A watan Yulin 2024 wannan ƙungiya ta ajiye matsayinta na ƙwallon sana'a, ta rufe makarantarta ta horar da yara, a watan Agusta kuma ta sauka zuwa rukuni na huɗu. Shekara 15 kacal tsakanin ɗaga kofi da faɗuwa. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa faɗuwar ta fara ne daga ofishin masu kulob, filin wasa ya biyo baya.

Ba wannan ne karon farko ba. A 1978 wani akanta mai suna Claude Bez ya karɓi shugabancin ƙungiyar da niyyar mayar da ita ta ɗaya a Faransa. Ya ɗauko Aimé Jacquet a matsayin koci a 1980, ya tara gwanaye irin su Jean Tigana suka haɗu da Alain Giresse, ɗan gida. Kofuna uku suka ci cikin shekara huɗu, kuma a 1985 suka kai wasan kusa da na ƙarshe na babban kofin Turai, inda Juventus ta fitar da su da ƙyar. Amma kuɗin da ake kashewa ya fi wanda ke shigowa. Da aka buɗe littafin lissafi, bashin ya kai wajen faran miliyan 300 na Faransa. A 1991 hukumar DNCG, wadda ke binciken asusun kulob-kulob na Faransa, ta saukar da Bordo zuwa rukuni na biyu duk da cewa ba a fili ta faɗi ba. Bez ya bar kujera, daga baya kotu ta same shi da laifi.

Wancan karo an tsira. Wani ɗan kasuwar tabarau, Alain Afflelou, ya karɓi ragama, ƙungiyar ta dawo rukunin farko a 1992. Waɗanda suka manyanta cikinmu suna tuna daren Maris na 1996, lokacin da AC Milan ta zo Bordo da ci 2 a hannu, ta koma da 3 a raga. Zidane, Dugarry da Lizarazu duk suna cikin tawagar. Sun kai wasan ƙarshe na kofin UEFA, Bayern Munich ta doke su, kuma kafin kakar gaba su ukun sun tafi: Zidane Juventus, Dugarry Milan, Lizarazu Bilbao. Tun daga nan aka san matsayin Bordo a kasuwa: gida ne da ke reno ya sayar. Irin wannan gida yana iya rayuwa lafiya, muddin mai shi yana da haƙurin toshe giɓi a shekarar da ba a yi ciniki ba.

Tashar talabijin ta M6 ta sayi ƙungiyar a 1999, ta riƙe ta shekara 19. Ba a san ta da facaka ba, amma takan cike giɓin asusu idan shekara ta ƙare. A zamaninta ne Laurent Blanc ya ci kofin 2009 da nasara 11 a jere a ƙarshen kaka, Yoann Gourcuff yana raba ƙwallo, Marouane Chamakh yana zurawa. Shekara ɗaya bayan haka gidan ya watse: Blanc ya tafi horar da tawagar Faransa, Lyon ta sayi Gourcuff, Chamakh ya tafi Arsenal ba tare da Bordo ta samu ko dala ba, domin kwantiraginsa ya ƙare, kuma tun hukuncin Bosman na 1995 ɗan wasan da wa'adinsa ya cika yana tafiya kyauta.

A daidai wannan lokaci ne labarin ya taɓa mu ƴan Nijar. Musa Ma'azu, wanda ya taso a ASFAN ta Yamai, ya tafi Lokeren ta Beljiyam, CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009, ya zo Bordo a matsayin aro a 2010. Na tuna yadda gidajen kallo suka cika don ganin ɗanmu da rigar zakarun Faransa na jiya. Bai daɗe ba. Ƙungiyar tana cikin ruɗani bayan tafiyar Blanc, shi ma kocin da ya gaje shi, Tigana, bai ƙarasa kakar ba. Ma'azu ya ci gaba da yawo daga kulob zuwa kulob, kuma yana cikin waɗanda suka kai Mena gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012. Nakan tuna wa ɗalibaina cewa wannan shi ne gwanin gwanayenmu na zamaninsa, amma ko shi bai samu wurin zama na dindindin a Turai ba.

Bordo ta ƙara ɗaukar kofin ƙalubale na Faransa a 2013, ɗan Mali Cheick Diabaté ya ci biyu a wasan ƙarshe. A 2015 ta koma sabon fili mai kujeru kusan 42,000 da aka gina don gasar Turai ta 2016, wanda a lokacin aka riƙa biyan hayar miliyoyin yuro a kansa duk shekara, ga shi ba ya cika. M6 ta gaji da toshe giɓi, ta fara neman mai saye.

Damina ta 2018 ita ce darasin da nake so kowane yaro mai bin jita-jitar kasuwa ya sani. A watan Yuli aka sanar cewa an daidaita da AS Roma kan ɗan Brazil Malcom. Magoya bayan Roma suka taru a filin jirgin sama suna jiran saukarsa. Bai sauka ba. Washegari Barcelona ta sanar ta saye shi a kan yuro miliyan 41. A watan Agusta koci Gustavo Poyet ya fito gaban ƴan jarida ya caccaki shugabanninsa saboda sun sayar da Gaëtan Laborde ga Montpellier ba tare da yardarsa ba. Aka dakatar da shi, aka sallame shi. Kwanaki jaridu suna cewa Thierry Henry ne zai gaje shi, a ƙarshe bai zo ba. Duk duniya tana kallon waɗannan, alhali babban cinikin yana gudana a gefe: a watan Nuwamba M6 ta sayar da ƙungiyar kan yuro miliyan 100, wato sama da miliyar 65 na sefa, ga wani kamfanin zuba jari na Amurka mai suna GACP, wanda mafi yawan kuɗin da ya zo da su na wani kamfanin ne, King Street, da kuma bashi.

Irin waɗannan kamfanoni suna juya kuɗin mutane ne don su mayar musu da riba cikin ƴan shekaru. Lissafinsu a Bordo ya dogara kan abu biyu: kuɗin nuna wasanni a talabijin zai ƙaru, kuma za a riƙa sayar da matasa da tsada. Matasan kam an sayar. Jules Koundé ya tafi Sevilla a 2019, Aurélien Tchouaméni ya tafi Monaco a Janairun 2020. Shekara biyu da rabi bayan haka Real Madrid ta sayi Tchouaméni kan yuro miliyan 80 ban da ƙari, ninki huɗu na abin da Bordo ta karɓa a kansa. Wanda bashi ya matsa ba ya jiran amfanin gona ya yi daraja, a bakin gona yake sayarwa. Manomanmu sun san wannan.

Kuɗin talabijin kuma ya ci amana. Annobar korona ta tsayar da gasar Faransa a 2020. Kamfanin Mediapro, wanda ya yi alkawarin biyan sama da yuro miliyan 800 a shekara, ya daina biya watanni kaɗan da farawa, aka warware yarjejeniyar a Disamba. Kafin nan abokan cinikin biyu sun ɓata, King Street ta sallami GACP a ƙarshen 2019 ta riƙe kulob ita kaɗai. A watan Afrilun 2021 ita ma ta ce ba za ta ƙara sa ko yuro ɗaya ba. Gérard Lopez, tsohon mai kulob ɗin Lille, ya karɓa a watan Yuli.

Ku duba jerin masu horarwa daga 2018 zuwa 2024: Gourvennec, Poyet, Ricardo, Paulo Sousa, Gasset, Petković, Guion, Riera. Duk wanda ya zo, jaridu su cika da sunansa, a ce an samu mai ceto. Malami ya san abin da ke faruwa da ajin da aka canza masa malami takwas cikin shekara shida, alhali rufin makarantar ne ke yoyo. A kakar 2021 zuwa 2022 aka zura wa Bordo ƙwallo 91, ta ƙare a ƙarshen tebur. A 2023 tana neman dawowa rukunin farko, a wasan ƙarshe da Rodez wani mai kallo ya shigo fili ya ture ɗan wasan baƙi, aka tsayar da wasa, aka ba Rodez nasara. A Yulin 2024 aka yi ta yayata cewa Fenway Sports Group, masu Liverpool, za su saya. Suka duba littattafai, suka duba kuɗin fili, suka janye. Kwanaki kaɗan bayan haka komai ya rushe.

Wa ya ɗauki asarar? Manyan ƴan wasa sun samu wasu kulob. Kamfanonin Amurka sun koma sauran harkokinsu. Ma'aikata da dama sun rasa aiki. Sai kuma yaran makarantar Haillan, inda Dugarry, Koundé da Tchouaméni suka tashi: iyayensu sun miƙa su ga ɗaya daga cikin sanannun makarantun ƙwallo na Faransa, suka wayi gari cikin hutu ana ce musu su nemi wani wuri. Abin da ya rage a hannun kowane yaro shi ne karatun da ya yi, domin dokar Faransa ta tilasta wa irin waɗannan makarantu su haɗa horo da karatun boko. Wanda ya riƙe littafinsa ya fita da wani abu.

Wannan ne na faɗa wa uban da ya zo wurina. Idan kulob mai kofi shida, a ƙasar da ke da hukumar binciken asusu da kotunan kasuwanci, ya kasa riƙe amanar yaran da ya ɗauka da takarda da sa hannu, ina ga alkawarin baki na mutumin da ke neman kuɗin hanya? Na kuma gaya masa cewa dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa zuwa wata, sai a wasu ƴan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 daga Maraɗi ya sa hannu a Faransa, ko bai san doka ba, ko ya san ta sarai yana fatan kai ba ka sani ba. Kulob na gaskiya da ke son ganin yaro yakan aiko da gayyata a rubuce, wadda za a iya kai wa hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, a tantance.

Ban hana ɗalibaina zancen kasuwar ƴan wasa ba, na ma mayar da shi darasi. Idan yaro ya kawo mini labarin cewa wane zai koma wane kulob, sai in tambaye shi: wa ya faɗa, kuma me zai samu idan aka yarda? Dillali yana son farashi ya tashi, jarida tana son a karanta ta. Sannan in ce ya binciko mini mai kulob ɗin, da kuɗin wa ya saya, nasa ko na aro. Tambayoyin da muke koya musu su yi wa kowace takardar tarihi ke nan, kuma na lura sun fi saurin kama su a kan Malcom da filin jirgin Roma.

Yaron nan yana nan a aji, yana buga ƙwallonsa da yamma a filin unguwa. Na ce wa ubansa ya bar shi ya buga, ya saya masa takalmi idan da hali, amma watan Yuni ya same shi a ɗakin jarrabawa.